Turmin Kirya da Garin Kuka

A Sabon Maci, cikin ƙasar Dakoro, rufin asirin gida yana cikin rumbu: damman hatsi, buhun wake, sai 'yan ƙulle-ƙullen da uwargida ke ratayewa a ɗaka. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa. Babu mai neman firji a cikinsu. Rana ta gama musu aiki tun da kaka.

Nakan tsaya in dubi turmin kirya. Bakinsa ya yi sulɓi saboda hannuwa, gindinsa ya tsage an ɗaure da waya, amma har gobe shi ke surfe, shi ke dakan hura. Robobin kasuwar Maraɗi kuwa, da kyan launinsu, zafin bazara ke fasa su. Ban ƙi su ba, suna da sauƙin ɗauka zuwa rijiya.

Waɗanda suka ga yunwar 2005, bayan fari da fara sun lalata damanar 2004, ba sa wasa da tsabar hatsi. In ka je aka miƙo maka ƙwaryar hura da ludayi, ka sha sosai kafin ka mayar.