Faifan da Ake Rage wa Murya a Abakpa

Waɗanda suka dawo Inugu bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, suka sake kafa rumfunansu a Abakpa Nike da kasuwar Ogbete, za su tuna irin kiɗan da ya cika garin a lokacin. Samarin Gabas da suka fito daga daji da yunwa da makoki sun rungumi jita mai lantarki suna kaɗa ta har asuba, su The Hygrades na Goddy Oku a nan Inugu, su The Funkees da The Wings daga Aba. Mu muna da Shata da Ɗan Maraya a kaset, amma ƙarar jitar maƙwabta ba ta neman izini kafin ta ratso katanga. Dattawanmu suna cewa kiɗan 'yan iska ne. Mu kuwa kunnenmu na can.

Wanda ake rage wa murya shi ne Fela. Faifansa na Zombie ya yi wa sojoji ba'a, sai ranar 18 ga Fabrairu 1977 soja kusan 1,000 suka ƙone gidansa na Kalakuta a Legas, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a 1978. A Abakpa barikin soja na nan kusa da mu, don haka mai shagon faifai sai ya leƙa hanya tukuna kafin ya ɗora allura.

Ku yara, ashe a daidai lokacin haka ake fama a Chekoslobakiya ta 'yan gurguzu. Gwamnati ta ƙwace lasisin wasu makaɗa, The Plastic People of the Universe, suka koma yin wasa a ƙauyuka da sunan bikin aure, kaset ɗinsu na yawo hannu zuwa hannu. An kama su a 1976, aka yanke wa jagoransu Ivan Jirous ɗaurin wata 18. Shari'ar ce ta harzuƙa marubuta suka fitar da takardar koke ta Charter 77 a Janairun 1977, kuma ɗaya daga cikinsu, Václav Havel, ya zama shugaban ƙasa a 1989. Fela shi ma ya nemi takara a 1979, hukumar zaɓe ta ƙi yi wa jam'iyyarsa rajista.

Yau duk waƙoƙin nan suna cikin waya. Mai mulki kuma ya gane cewa mukullin mota ya fi ashana sauƙi, shi ya sa da an buga gangar siyasa za ka ga mawaƙa a layi ƙofar gidan gwamnati.