Abin da Kwata Ta Tafi da Shi

Kullum a tagar ba da magani nakan ce wa majinyata, "A sha da ruwa mai tsabta." Ranar da na ga ledojin fiya wata sun cika Jakara maƙil, sai maganar ta yi mini nauyi a baki.

Mai karatu, leda ba ta ruɓewa. Rana ce ke gasa ta har ta farfashe, ta zama ɓarɓashin da bai kai milimita 5 ba. Masu bincike kan tace ruwan kogi da raga mai ƙananan idanu, su duba abin da ya rage da madubin likita, sannan su haska shi da wani haske da ke tona irin robar. Ragowar maganin ƙwari kan manne wa ɓarɓashin, kifi ya haɗiye, mu saya mu ci. A 2022, a Holan, an same shi a jinin mutum 17 cikin 22 da aka gwada.

Tun daga ranar na daina karɓar koko mai zafi a leda, domin zafi na sa roba ta saki sinadaranta. Kai ma, in za ka kai wa majinyacinka abinci, zuba masa a kwanon silba. Kada kuma ka jefa leda ko tsohon magani a kwata, don kogi zai dawo maka da su.