Daga Wane Gari Kike?

A shekarar 2021 muka sauka a Birnin Ayowa, can ƙasar Amurka, mu da 'ya'yanmu uku, domin Baban yara ya ƙaro ilimi a jami'ar garin. Asalinmu kuwa wani ɗan ƙauye ne kusa da Malumfashi, a Jihar Katsina. A can aka haife mu duka biyu, a can kuma muka fara koyon karatu.

Bayan mun yi shekara biyu, sai wani abu ya faru da ya ɓata mana rai. Mun je taron iyaye a makarantar 'yarmu ta fari. Wata mata ta tambaye ta daga ina take, sai muka ji ta ce, "Ni 'yar nan garin ce." Da muka koma gida muka tsare ta da tambaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, wa ya san ƙauyenmu? In na faɗi sunansa sai su ce in sake faɗa, sa'an nan su yi dariya." Muka yi mata faɗa ƙwarai a daren nan. Ta yi shiru, amma mun san maganar ba ta shige ta ba.

Ba da daɗewa ba wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta gayyace mu kallon wasan ƙwallon kwando na 'yan matan jami'a. Ranar 15 ga Oktoba, 2023 ce. Ba a cikin ɗakin wasa aka yi ba, a babban filin Kinnick aka shimfiɗa katako a sarari, ga iska mai sanyi tana kaɗawa. Mutum 55,646 suka taru, ba a taɓa yin taro irin wannan domin kallon ƙwallon kwando na mata ba. 'Yan Ayowa suka ci 'yan jami'ar DePaul da maki 94 da 72.

Mu dai ba mu san kan wasan ba a lokacin. Abin da ya ɗauki hankalinmu shi ne takardar jerin sunaye da tsohuwar ta miƙa mana. A gaban sunan kowace yarinya an rubuta lambar rigarta, da tsawonta, da ajinta, sa'an nan garinsu da makarantar sakandaren da ta fito. Ba wadda aka bar wa wurin nan fili. Da muka koma gida sai muka manna taswira a bango, muka shiga neman garuruwan ɗaya bayan ɗaya tare da yaran.

Caitlin Clark, mai lamba 22, wadda sunanta ya cika ƙasar, daga West Des Moines take, tafiyar wajen awa biyu a mota daga inda muke, ta kuwa yi makarantar Dowling Catholic. Hannah Stuelke 'yar Cedar Rapids ce, nan kusa da mu, daga makarantar Washington. Kate Martin ta zo daga Edwardsville a Jihar Ilinoi. Gabbie Marshall daga Cincinnati a Jihar Ohayo, makarantar Mount Notre Dame. Sydney Affolter daga babban birnin Shikago, makarantar Marist. Molly Davis daga Midland a Jihar Mishigan.

Amma wadda ta ba mu wuyar nema ita ce Sharon Goodman. Garinsu Lime Springs ne, can arewacin Ayowa dab da iyakar jihar, mutanensa ba su kai 600 ba. A garin Cresco ta yi sakandare. Sai da muka sa ido sosai kafin muka ga ɗigonsa a taswira. Autanmu ya yi dariya ya ce, "Baba, ai wannan bai fi ƙauyenmu ba!" Gaskiyarsa kuwa. Duk da haka ga sunan garin nan a rubuce, daidai da Shikago, ba a ƙanƙanta shi ba.

Maƙwabciyarmu ce ta bayyana mana dalili. Ta ce a Ayowa ƙananan garuruwa ne suka rayar da wasan nan. A shekarar 1925 ƙungiyar wasannin makarantun jihar ta janye hannunta daga ƙwallon kwando na 'yan mata. Sai shugabannin makarantun ƙauyuka suka ƙi yarda, suka kafa wa 'yan mata tasu ƙungiyar dabam. Shida-shida ake bugawa a zamanin nan, uku masu jefawa, uku masu tsaro, ba kuwa mai ƙetare layin tsakiya. Haka aka yi ta yi har 1993. Ita ma tsohuwar ta buga a ƙuruciyarta. Ta ce ran wasa, manoma sukan gama aikin dabbobi da wuri, gari ya watse zuwa makaranta. Jan Jensen, wadda a lokacin ita ce mataimakiyar mai koyar da 'yan wasan jami'ar, a irin wannan wasa ta tashi, a Kimballton, garin da bai kai mutum 400 ba. A shekararta ta ƙarshe a sakandare takan ci wajen maki 66 a kowane wasa.

Daga nan muka zama 'yan kallo, yawanci a telebijin, gama tikitin ɗakin wasan ya ƙare tun kafin a fara. Shekara ce ta ban mamaki. Ran 8 ga Fabrairu, 2024, Hannah Stuelke ta ci maki 47 ita kaɗai. Bayan mako ɗaya Caitlin Clark ta ci 49. Ran 3 ga Maris ta wuce maki 3,667 na Pete Maravich, wanda ya riƙe matsayin nan tun 1970, ta kuwa gama jami'a da 3,951. A wannan rana ce Molly Davis ta ji ciwo a gwiwa, Sydney Affolter ta maye gurbinta ba tare da ƙungiyar ta raunana ba. A gasar ƙasa suka ci LSU, wadda ta kā da su a wasan ƙarshe na 2023, suka kuma ci Connecticut da maki 71 da 69. Amma ran 7 ga Afrilu, a birnin Cleveland, 'yan Karolina ta Kudu suka cinye su 87 da 75, mutane fiye da miliyan 18 suna kallo a telebijin. Sun yi wasa 39, sun ci 34, kofin kuwa bai zo Ayowa ba.

Kafin a fara kowane wasa, mai sanarwa yakan kira biyar na farko, kowace da sunan garinsu. Mu kuwa sai muka mai da wannan sandar dukan 'yarmu. "Kin ji? Ba mai jin kunyar garinsu." Muka tuna mata cewa mu ma al'adarmu ke nan. A dā, yaro ya shiga makarantar kwana, sai a haɗa sunansa da na garinsu. Shagari ƙaramin gari ne a ƙasar Sakkwato, amma ɗansa ya zama shugaban Najeriya a 1979 da sunan a kansa. Haka Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauchi.

Wata rana da dare, muna cikin wannan wa'azi namu, sai ta ɗaga kai ta ce, "Baba, ka gafarce ni. To, me ya sa in 'yan Najeriya suka tambaye ku a nan, sai ku ce ku mutanen Katsina ne? Ban taɓa jin kun faɗi sunan ƙauyenmu ba."

Ɗakin ya yi tsit. Muka dubi juna, ba mai amsa. Gama gaskiya ta faɗa. Tun muna sakandare, sa'ad da 'yan birni suke kiranmu ƙauyawa, muka koyi ɓoye sunan. Shekara kusan talatin muna ambatar babban gari domin mu huta da ba'a. Ashe yarinyar a bakinmu ta koya. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma ran nan yarinya ce ta ga abin da ke goshinmu.

Muka roƙe ta gafara. Sa'an nan muka zauna muka ba yaran labarin da ba mu taɓa ba su sosai ba: makarantar firamare mai aji biyu, da malamin da yakan bi gida gida da damina yana roƙon iyaye su bar yara su zo aji kafin su tafi gona. Shi ne ya sa mahaifin Maman yara ya yarda ta ci gaba da karatu. Muka lissafa, sai muka ga shekara goma sha ɗaya rabonmu da mu gaishe shi. A makon nan muka rubuta masa wasiƙar godiya, yaran duka suka sa hannu. Amsar da ta zo daga ɗansa ce. Malam ya rasu da daminar da ta wuce. Ya ce an karanta wasiƙar a gaban iyali, mahaifiyarsu ta adana ta. Har yau abin yana mana ciwo.

Da aka koma makaranta a ƙarshen 2024, 'yarmu ta shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarsu. Ba gwana ba ce, yawancin lokaci a benci take zaune. Aka ba su takarda su cika. Da ta zo wurin sunan gari sai ta kawo wa babanta ta ce, "Baba, yaya ake rubuta shi daidai?" Ta rubuta sunan ƙauyenmu, ta kuma rubuta Birnin Ayowa a gefensa. Ba mu hana ta ba, gama duka biyu nata ne yanzu. Mai koyar da su bai iya faɗinsa ba sai da ta maimaita masa sau uku, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Iyaye 'yan'uwanmu, ko kuna Legas, ko Abuja, ko wata ƙasa, ku saurari amsar da kuke bayarwa sa'ad da aka tambaye ku inda kuka fito, gama yara suna ji. In kuwa akwai malamin da ya fara riƙe muku hannu a kan alli, yana nan da rai, kada ku jira shekara goma sha ɗaya kamar yadda muka yi. Ku rubuta masa a watan nan.