Tagullar Wani

A ɗakin wani dattijo manomi a Mahuta akwai gwangwanin da ya haura shekara hamsin ƙarƙashin gado. Cikinsa kwabbai ne masu huji a tsakiya, da sisi biyu, da anini ɗaya da ya yi baƙi. Da naira ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairu 1973, bai kai su canji ba.

A watan Fabrairu na 2023, lokacin da sauya takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, ya kai masara Funtua don ya biya bashin takin da ya ci da damina. Duk mai saye sai ya ce zai turo ta waya, shi kuwa ba shi da asusu. Ya dawo da buhunansa. Da yamma ɗansa, malamin sakandare a Malumfashi, ya tarar da shi ya zazzage gwangwanin a tabarma.

"Kai da ka yi boko," in ji shi, "tsakanin wannan, da masarar can, da lambar da ke cikin wayarka, wanne ne kuɗi?"

Tambayar ta girmi su duka. Rumawan dā suna da kalma guda, aes, wadda asalinta tagulla ce kawai. Kafin su san buga kuɗi, curin tagulla marar siffa suke ɗorawa a ma'auni, ana kiransa aes rude. Daga baya suka riƙa zuba ta a sanduna masu hoton sa ko wata alama, sannan a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa suka fitar da manyan kwabbai masu nauyin fiye da giram 300. Yaƙin da suka yi da Hannibal, daga 218 zuwa 201, ya tsotse baitulmali, aka yi ta rage nauyin kwabon har ya koma ɗan ƙarami. Sunan bai canja ba. Tun daga nan kalmar ta soma nufin abin da hukuma ta ce, ko da ma'auni bai yarda ba.

Hausa ma ta bi wannan turba. A 1353 Ibn Battuta ya ga mutanen Takedda, a Nijar ta yau, suna ciniki da sandunan tagulla: sirara na nama da itace, masu kauri na gero da alkama, har ana kai su Gobir. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma a Kano ta 1851 Barth ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala ɗaya. Kwabo kuwa daga sunan jan ƙarfe a Turanci ya fito. Wuri ya tafi, kwabo ya daina sayen komai, amma har gobe wanda ya talauce cewa yake ba shi da ko kwabo.

Ɗan ya ƙara masa da abu ɗaya: a bakin Rumawa bashi shi ne aes alienum, wato tagullar wani.

Dattijon ya yi shiru, ya mayar da kwabban ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe sun san abin. Tagullar wani ce a hannuna tun damina."

"Baba, a bari mako biyu mana, kuɗi za su fito."

"Za su fito. Shi kuma alkawarin fa?"

Washegari ya sa aka ɗora buhunan a kura zuwa ƙofar mai takin. Aka auna da tiya a kan farashin ranar, wanda rashin kuɗi ya karya, ya ba da fiye da abin da ya lissafa tun kaka. Ya koma gida rumbunsa da sauƙi, ya tura gwangwanin inda yake.