Kwanakin Jira Kafin Kaɗi

Mai sayen sabon keken kaɗi daga Ashford, kamfanin da aka kafa a ƙasar Niyu Zilan a 1934, kwali yake karɓa cike da sassan katako da ƙusoshi. Masaya da yawa sukan zaɓi farin katakon da ba a shafa wa komai ba, domin ya fi araha, kuma suna so su yi masa launi da ado yadda ransu ke so. A nan jarrabawar take.

Kafin a haɗa keken, sai an goge kowane sashe da samfefa, a shafa mai ko fenti, a jira ya bushe, a sake shafawa. Aikin kan ci kwanaki, ga ulu a ajiye, ga hannu yana ƙaiƙayi. Wanda ya gaza haƙuri ya haɗa shi a daren farko zai tarar burushi ba ya isa lungunan ƙafar keken, maiƙon ulu da gumin hannu kuma sun shiga katakon sun bar tabon da ke wuyar fita. Gyara sai an kwance komai. Sauri ya haifi nawa.

Jiran nan shi ne darasin farko na sana'ar. Idan ƙafa ta riga hannu gudu a kan feda, zaren yakan murɗe fiye da kima ya ƙudundune. Tsofaffin da ke kaɗa auduga da mazari a ƙasar Hausa sun san wannan: zare ba ya karɓar gaggawa, ko da keke ko da yatsa.