ABIN DA RARIYA BA TA TAREWA

Sa'ad da nake yaro a ƙauyenmu, mahaifiyata tana da kayan tacewa iri uku rataye a bangon madafa. Akwai matankaɗi na garin tuwo, akwai rariya mai ƙananan ido ta garin kuka, akwai kuma wani farin ƙyalle da take tace ƙullun koko da shi. In ka ɗauko mata wanda ba shi ba, sai ta ce, "Ɗana, kowace rariya da abin da take tarewa." Ban san maganan nan za ta biyo ni har Kano ba.

A farkon shekarun 1980 na zo Kano neman aiki. A lokacin Bompai, wadda ita ce tsohuwar unguwar masana'antu tun zamanin Turawa, cike take da ma'aikata, Sharaɗa da Challawa kuwa suna tasowa. Na sami aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Majeman cikin birni da bagaruwa suke jima, amma a kamfani ana jiƙa fata cikin farar ƙasa da wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai domin gashi ya zube, sa'an nan a jeme ta da sinadarin kuromiyam har ta fito shuɗi-shuɗi.

Aikina kuwa tsaron rariya ne. A bakin magudanar kamfani akwai wata babbar rariya ta ƙarfe. Kullum ina tsaye da manjagara ina kwashe gashi da kitse da guntayen fata da ta tare. Ina alfahari da aikina, gama ko tsinke ba ya wuce ni. Amma ruwan kansa yana wucewa, wani lokaci baƙi, wani lokaci shuɗi, ya nufi kogin Challawa. Kogin nan ne aka soma jawo wa Kano ruwan famfo daga cikinsa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A bakinsa kuma masu lambu suke ban ruwan latas da alayyaho da albasa. Ruwan Sharaɗa ma yana bin rafin Salanta ya faɗa can, na Bompai kuwa ya bi Getsi ya shiga Jakara.

A 1988 aka gano dattin guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, a Jihar Bendel ta lokacin. Gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli, a 1991 kuma ta yi doka cewa kowace masana'anta ta gyara ruwanta kafin ta sake shi. Kamfaninmu ya gina ramuka na siminti. Amma in ramuka suka cika, sai a ce mini, "In dare ya yi ka buɗe." Ni kuwa sai in buɗe. Ina da 'ya'ya biyar, ga kuɗin makaranta, ga kamfanoni suna ta rufewa.

A shekarun nan ne aka zaɓe ni dattijon ekklesiya. Wata rana aka kawo maganar wata gwauruwa a Sabon Gari, wai ta soma dafa burukutu tana sayarwa. Muka je mu biyu, muka same ta tsugune tana tacewa. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Baba, yara ne ba su da abinci." A taron dattawa ba wanda ya kai ni zafi. Na ce tana shayar da mutane guba. Aka sa ta ƙarƙashin horo.

Da na koma gida na tarar da uwargidana tana tace ƙullu. Na ba ta labari ina jin daɗin kaina. Ta yi shiru har ta gama matse ƙyallen. Sa'an nan ta ɗebo ruwa a moɗa, ta zuba gishiri ta dama, ta tace sau uku, ta miƙo mini. Ta ce, "Maigida, ɗanɗana." Na kurɓa na tofar. Ta ce, "Ka ga ruwan garau, ko ba haka ba? Ita matan nan, masu shan nata sun san abin da suke saye. Masu shan naka fa?"

Daren nan ban yi barci ba. Na buɗe Matta sura 23, inda Ubangiji Yesu ya tsauta wa malaman Attaura da Farisiyawa domin suna tace ɗan ƙwaro daga abin sha, alhali raƙumi ya wuce maƙogwaronsu. Bai hana su tacewa ba. Laifinsu shi ne sun bar gaskiya da jinƙai da aminci. Ashe ni ne.

Na je wurin Pasto na faɗi kome. A wurin aiki kuma na ce ba zan ƙara buɗewa ba. Ba a kore ni ba, amma aka mai da ni gadin ƙofa, albashi ya ragu, wani kuma ya karɓi mabuɗin. Ba zan ruɗe ku ba, kogi bai canza launi saboda ni ba. Gwauruwar kuwa na koma na roƙe ta gafara, ba don horon ba, amma don ban taɓa tambaya abin da 'ya'yanta suke ci ba. Zumuntar mata ta haɗa mata jari, ta koma sayar da kunun zaƙi, da matacinta na dā.

Ya ɗan'uwa mai karatu, rariyar ekklesiya tana tare abin da ido yake gani: giya, da zina, da sata. Ya kamata kuwa ta tare. Amma abin da ya narke cikin zuciya, kamar tsoron mutum, da rashin tausayi, da cutar wanda ba ka san fuskarsa ba, wannan yana wucewa garau, har ya zauna a kujerar dattawa. Gobe da safe in ana tace koko a gidanka, ka tambayi kanka abin da kake saki in dare ya yi. Ubangiji ya bincike mu, ya kuma tsarkake mu. Amin.