Numfashin injin ban ruwa

A tsakiyar rani, lokacin da albasa ta soma ɗaura kai a garakan Galmi, injin ban ruwan wani mai garka ya yi tari biyu, ya yi shiru. Kuɗin da mutumin ya ranta wajen wani ɗan kasuwa suna cikin fangalolin nan, ga shi albasa ba ta jure ƙishirwa. Ya ɗora injin bisa amalanke ya nufi wajen makaniki, yana zargin buji.

Makanikin ya ja igiya, ya ji ta taho sako-sako. Ya ce: “Baba, buji lafiyarta lau. Matsi ne babu.”

Irin wannan inji, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a 1876, aikinsa hawa huɗu ne. Piston ya sauka ya zuƙo iska gauraye da esansi. Ya hau ya matse su cikin silinda. Buji ta ƙyasta, wuta ta kama, ƙarfinta ya turo piston ƙasa. Ya sake hawa ya kori hayaƙi. Hawa na uku kaɗai ke ba da ƙarfi. Sauran ukun da guzurinsa suke tafiya. In inji na juyi 3.600 a minti, wutar na kamawa sau 30 kowane sakan.

Abin da mai garkar bai sani ba shi ne, inji ya fi shan iska bisa mai: kilo guda na esansi na bukatar wajen kilo 15 na iska kafin ya ƙone sarai. Shi kuwa tun cikin hunturu ya cire matacin iska da ya toshe, ya yar, don ya ga injin ya ƙara kuzari. Ƙurar da ta samu hanya ta haɗu da man inji, ta yi ta goge zobban piston har matsi ya riƙa zurarewa.

Gyaran ya ci kwana uku da kuɗin buhun albasa. Fangalolin gefen gabas sun ƙone, sauran sun tsira da ruwan guga, bashin kuma ya biyu da ƙyar.

Yanzu, kafin ya ja igiya da asuba, sai ya kwance matacin ya kakkaɓe, ya duba mai. Da maƙwabcinsa ya yi masa ba'a, cewa ya yi: “Ni ma sai da rawani nake shiga ƙura.”